Ruwan Randar Inna

Har yau in wani ya yi tari yana tsakar shan ruwa, hannuna tsayawa yake cak a kan duk abin da nake yi. Ko a makarantar da nake koyarwa a Kiru, in wata malama ta kafa kai a kofi ta ɗan ƙware, kafin ta sauke kofin na riga na miƙe tsaye. Dariya suke yi mini. Su ce, "Haba Malama, ruwa ne fa, ba ƙayar kifi ba." Ni dai sai in koma in zauna, don ba na yi musu fatan su san ruwa irin sanin da na yi masa.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, an fi saninta da randarta fiye da sunanta. Gidanmu yana wani ƙauye kudu da Tudun Wada, a bakin burtalin da shanu ke bi su gangara wajen Falgore. Tun kafin a haife ni ta kafa randa a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Ta binne gindinta a yashi, ta rufe bakinta da faifai, ta ɗaura wa moɗa igiya ta rataye a reshe. Ruwan sadaka ne, na duk wanda ya biyo hanya. Makiyaya su sha, mata masu tallan nono su sha, masu itace su sha, daga baya 'yan acaɓan da ke zuwa Doguwa su ma suka gano wurin. Ba sai ka yi sallama ba, ba kuma sai ka yi godiya ba. Kullum da sassafe Inna za ta juye ragowar na jiya a gindin bishiyar, ta cuɗe cikin randar, ta jefa saiwar jema, sannan ta cika ta da na rijiya. Ruwan ya yi sanyi ƙarara, ga ƙamshin ƙasa da na jema. Mun sha duka a kan randar nan muna yara, don duk laifin da ka yi Inna tana iya yafewa, ban da tsoma ƙazamin hannu a ruwan baƙi.

A bakin randar nan na fara ganin ciwon. Na zo ganin gida, muna tsaye tana ba ni labarin wata rigimar gona, ta ɗebo ruwa, sai na ga rabinsa ya zube a zaninta kafin moɗar ta kai baki. Hannunta na dama yana karkarwa, yatsun suna motsi kamar tana jan carbi alhali babu carbin. Na ce, "Inna, sanyi kike ji?" Ta ce, "Ke don Allah rabu da ni, tsufa ne." Daga hannu abin ya sauka ƙafa, ta koma tafiya da ƙananan taku tana jan takalmi. Fuskarta ta daina motsi, har jikokinta suka ɗauka fushi take yi da su. Muryar da a da take kiran awaki daga bayan gari ta dawo sai ka sunkuya kake jin ta. Kowa ya kawo tasa fassarar, wannan ya ce iska, wancan ya ce hawan jini. Yayana, mai sayar da hatsi a Doguwa, shi ya gaji da surutu ya ɗauke ta sai asibiti a Kano. Likita ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, magani yana rage masa gudu amma ba ya mayar da shi baya. Muka karɓo ƙwayoyi muka dawo, muna ganin rawar hannun ce babbar matsalarmu.

Ashe ba mu ga komai ba. Wata rana da hantsi Inna tana cin ɗumame, muna zaune da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun rasuwarsa ta tare a ɗakin da ke kallon na Inna. Su biyun tun ƙuruciya suke tare, kullum cikin tsiya, kullum kuma kwano ɗaya. Inna ta kurɓi ruwa, sai tari ya sarƙe ta. Tarin ba shi da ƙarfi, ɗan ƙarami ne, ya kasa ture abin da ya tare. Idanunta suka firfito, hawaye na zuba, baki a buɗe amma iska ta ƙi shiga. Gwaggo ta yi abin da kowa ke yi a garinmu in mutum ya ƙware, ta ɗaga mata haɓa sama ta ce, "A ƙara mata ruwa ya wuce!" Allah ne dai ya sa da sauran kwana. Da numfashin ya dawo, muryarta ta fito a jiƙe, tana gurgura a maƙogwaro, kuma har yamma ba ta washe ba.

Da abin ya maimaitu muka koma Kano. Aka tura mu wurin wata ma'aikaciya mai duba masu matsalar magana da haɗiya. Ta zaunar da Inna tsaf, ta ɗora yatsu a maƙogwaronta, ta ba ta ruwa a ƙaramin cokali. Inna ta yi tari. Ta ba ta wani abu mai kaurin kindirmo, ya wuce lafiya lau. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Hanya biyu ce a maƙogwaro, ta ciki da ta huhu. Akwai murfin da ke rufe ta huhun in mutum zai haɗiye. Na Mama ya yi nauyi yanzu, ruwa ya fi shi sauri. Abu mai kauri a hankali yake tafiya, yana ba murfin lokaci."

Na ce, "To me za mu daina ba ta?" Ina jiran in ji goro, ko gyaɗa, ko ƙanzo.

Ta ce, "Su ma duka. Amma abin da na fi jin tsoro shi ne ruwa tsurarsa."

Wallahi dariya ce ta kuɓuce mini. Na ce, "Ruwa? Ruwan sha?"

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce wani lokacin ma ko tari ba za a ji ba, shiru zai gangara huhu, sai an kwana biyu zazzaɓi ya taso. Ta nuna mini yadda ake zaunar da ita, yadda za ta saukar da haɓa wajen ƙirji kafin ta haɗiye, da abin da zan yi in loma ta maƙale. Inna tana jin mu, fuskarta ba ta nuna komai ba, amma na san ta ji.

A motar dawowa na fara aikin da na fi tsana a rayuwata. Mun wuce mararrabar Bebeji, rana ta take, aka tsaya sauke fasinja. Masu tallan ruwan leda suka yo ca a taga. Inna ta miƙa hannunta mai rawa, wata ta ɗora mata leda mai sanyi a tafi. Na zare ledar na mayar. Wani dattijo da ke bayanmu ya ce, "Baiwar Allah, in kuɗi ne babu ni zan biya." Na ce masa, "Baba, likita ne ya hana." Ya ce, "Ruwan?" Kowa a motar ya zuba mini ido, har muka sauka ba wanda ya sake yi mini magana.

Na roƙi maigidana, na nemi hutu a makaranta, na tattaro na dawo gida jinya. An ce akwai wani gari na gwangwani da ake kaɗawa a ruwa ya yi kauri, amma ba abin da za ka samu a kasuwar Tudun Wada ba ne. Sai na koma wa gasara. In dama koko marar tsami, ba yaji ba sukari, in tace, in bar shi ya huce. In ɗebo a cokali in karkata, in ya zubo da gudu bai yi ba, sai ya sulalo a hankali. Shi nake kira ruwa. In na ce, "Inna, ga ruwa," sai ta ɗago ido da ƙyar ta ce, "Talge." Tuwo kuwa sai na murje shi cikin miyar kuka har ya zama ba gudaji ko ɗaya. Dankali a dafa a dame, ayaba da gwanda a murƙushe, fura a tace ta a fitar da gaya. Shinkafa ta haramta, a ƙasar da kowane gida ke da buhunta, don ƙwayoyinta watsewa suke a baki. Goron ma na gwada gurza mata shi a cikin koko, ta tofar ta harare ni, harara ta farko da na gani a fuskar nan cikin watanni, har daɗi na ji.

Cin abinci ya zama wani aiki mai sharuɗa kamar sallah. Sai an jira magani ya ratsa ta, jikin ya ɗan saki. In zaunar da ita a kujera, baya a miƙe, ƙafa a ƙasa. A kashe rediyo, a kore kaji. Rabin cokali, in ce, "Sunkuya, Inna." Ta saukar da haɓa. In ɗora yatsa a maƙogwaronta ina jiran ya hau ya sauka. Wani lokacin ya hau nan da nan, wani lokacin in jira har in ji bugun zuciyata a kunne. In ce, "Ƙara haɗiyewa." Sannan in ce ta kira ni, don in ji ko muryar a bushe take ko a jiƙe. In an gama in duba kumatunta, saboda abinci yana ɓuya a can ba ta sani ba, in goge bakin da tsumma mai tsabta. Ba kwanciya sai inuwar katanga ta matsa sosai. Kwano ɗan ƙarami sai ya kai mu daga hantsi har kusan azahar. Na faɗi "Sunkuya, Inna" har Gwaggo ta daina kiran sunana, sai dai ta ce, "Ina Malama Sunkuya?"

Masu dubiya su suka fi ba ni wahala, kuma ba da mugunta ba. Mace za ta shigo da sallama ta durƙusa, "Ina kwana Inna, ya jiki, ya ƙarfin jiki?" Inna kuwa ba a haife ta a gidan da ake gaida mutum ya yi shiru ba. Ko da loma a bakinta sai ta buɗe ta ce, "Da sauƙi." Da sauƙin nan ya kusa kai ta lahira ba sau ɗaya ba. Sai na koma rataya zani a ƙofar ɗaki in za ta ci abinci, duk wadda ta zo in ɗaga mata hannu ta jira a tsakar gida. Tsofaffin da suka goya ni sai ga su a tsaye ina hana su gaisuwa. Suka ce boko ya cinye mini kunya. Na ce su faɗi duk abin da suka ga dama, ni dai kada a gaishe ta da abinci a baki. Rubutun sha ma da malamin unguwarmu ke aiko mata sai da aka yi cacar baki, don na ce ba za ta sha shi tsululu ba. Yayana ya je ya tambayo, malam ya ce a dama da shi, ayar ba ta ɓata don an yi mata kauri.

Sai rigimar zamzam. Wata maƙwabciyarmu ta dawo daga aikin hajji, ta kawo wa Inna tsaraba a 'yar kwalba. Ni kuma na tafi Tudun Wada sayen magani. Ina dawowa na ɗaga labule, sai na ga Gwaggo ta tallafo ƙeyar Inna, ta kwantar da kanta baya, kwalba a baki. Abin da ba na mantawa shi ne fuskar Inna a daidai wannan lokacin. Fuskar da ta daskare tun bara ta saki, idonta a lumshe, tana zuƙa da duk ƙarfin da ya rage mata. Sai tarin ya zo. Ban san sa'ad da na kai wa kwalbar duka ba, ta yi tsalle ta faɗi, ruwan ya malale a ƙasa. Matan da ke ɗakin suka ɗauki salati. Gwaggo ta ce, "Innalillahi! Zamzam kika zubar, 'yar nan? Zamzam ne zai ƙware mutum?" Ban kula ta ba. Na karkato da Inna gaba, na tare ƙirjinta da hannuna, ina cewa, "Yi tarin, Inna, yi tarin, kar ki tsaya." Leɓɓanta suka yi duhu, sannan a hankali iska ta fara shiga da wani sauti kamar ana jan igiyar guga. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya taso, kamar yadda aka faɗa mini. Muka kwanta a asibitin Tudun Wada, aka ce huhu ne, ana ta allurai da ƙarin ruwa ta hannu.

Da aka sallame mu na kwashe duk wani abu mai ruwa daga ɗakinta, har butar alwala, sai lokacin sallah in kawo in tsaya a kanta. A gari kuwa na samu suna. Ni ce wadda ta hana uwarta ruwa, har zamzam. A bakin rijiya in na iso hira ta mutu. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, sai wata safiya ina wanke randar ƙofar gida ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Uwarki ta shayar da duk wanda ya bi hanyar nan, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ke kin hana ta moɗa ɗaya. Me za ki ce wa Allah?" Raina ya ɓaci, na ce, "Zan ce masa so nake ta kwana, Gwaggo." Ta dube ni, idonta ya ciko, ta ce, "Kwana da ƙishirwa?" Ta juya ta shige, ta bar ni da soso a hannu.

Maganar Inna ta yi ta raguwa har ta koma kalmomi ƙalilan, cikinsu wadda ta fi fita sosai ita ce randa. Da farko na ɗauka tambaya take ko an cika, sai in ce, "An cika, Inna, har jema na sa." Ta sake cewa, "Randa." Sai muka fara fito da ita da yamma, ni da Gwaggo, mu zaunar da ita a bakin zaure inda take hango darbejiyar. Tana zaune tana kallon masu sha. Makiyayi zai jingine sanda, ya ɗaga faifai, ya ɗebo, ya ɗaga kai sama yana kwankwaɗa, ruwan na bin gemunsa. In na dubi Inna sai in ga maƙogwaronta yana motsi tare da nasa, tana haɗiyar abin da babu. Wata rana wani dattijon Bafulatani da ya daɗe yana shan ruwanta ya gan ta, ya yi murna, ya cika moɗa ya kunce igiyar ya kawo har gabanta ya durƙusa. Ya ce, "Inna, bisimilla, ke za ki fara." Ba ta kalli moɗar ba, ni ta kalla. Uwata, wadda ta yaye ni, tana neman izinina da ido a kan ruwan randarta. Na girgiza kai. Ta saukar da idonta a kan cinyarta, dattijon ya miƙe a hankali ya mayar da ruwan. Wannan kallon shi yake zuwar mini har yanzu, ba a mafarki ba, da rana tsaka ina rubutu a allo.

Ta rame, cokali ya koma rabin rabi. Likita ya kawo shawarar a sa mata roba ta hanci, abinci ya riƙa wucewa kai tsaye zuwa ciki. Yayana ya durƙusa ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ɗaga hannun nan mai rawa ta rufe hancinta, ta juya fuska ga bango. Hankalinta garau yake, ciwon bai taɓa shi ba. Yaya ya dube ni, na dube shi, muka bar maganar.

Da tafiya ta gagare ta, ni kaɗai nake zuwa Kano karɓo magani. A zuwan ƙarshe na leƙa wurin ma'aikaciyar nan, na ba ta labarin yadda jiki ya koma. Ta saurara, sannan ta ce, "Ita me take nema?"

Na ce, "Ruwa. Ruwan randarta. Ba ta neman komai sai shi."

Ta ce, "Ki wanke mata baki tas, ki zaunar da ita. Ki tsoma tsumma mai tsabta a ruwan, ki ɗan matse, ki sa mata ta tsotsa. Inda aka kai yanzu, abin da zai sanyaya mata rai shi ne magani."

Na ce, "Sai yanzu? Bayan duk gari ya gama tsine mini?"

Ta ce, "Da kin bar ta tana kwankwaɗa tun can baya, da wuya huhunta ya kawo ta yau. Ba a banza kika yi ba."

Ban gode mata ba ma, na fito. Motar ranar kamar da gayya, ko'ina sai ta tsaya. Muka wuce ta wajen Bagauda, ga ruwa shimfiɗe yana ƙyalli iya ganinka, ni kuwa ina ta addu'ar Allah ya sa in tarar da ita.

Na tarar da ita, bayan la'asar. Ko mayafi ban cire ba na fita ƙofar gida na ɗebo a moɗar kanta. Gwaggo ta ga moɗa a hannuna na nufi ɗaki, ba ta tambaye ni komai ba, ta hau gado ta zauna a bayan Inna ta jingina ta a ƙirjinta. Na goge bakin, na yanko gefen sabon farin ƙyalle na tsoma na matse. Na ce, "Inna, ga ruwa." Ba ta buɗe ido ba, ta gaji da wannan ƙaryar tawa. Na kai ƙyallen kusa da hancinta. Ƙamshin jema ne ya buɗe mata ido. Ta kama ƙyallen da leɓe, ta tsotsa. Na ce, "Sunkuya, Inna," yatsana a maƙogwaronta. Ya daɗe, sannan ya hau, ya sauka. Ba tari. Na zo zarewa in sake tsomawa, ta datse shi da dasashi ta ƙi saki. Gwaggo tana kuka tana dariya, tana cewa, "Kin ga 'yar rowa, sakar mata ta ƙaro miki mana!" Daga ranar kullum sai na ba ta, safe da yamma da duk lokacin da ta motsa leɓe. Amma ɗigo ne, ɗigon da bai isa ya jiƙa harshe sosai ba. Moɗa cike, irin ta makiyayan nan, ba ta sake sha ba.

Ta rasu da hantsi, lokacin ana yankan shinkafa. Ba ƙwarewa ta yi ba. Numfashin ne ya yi ta nisa da juna, Gwaggo tana yi mata kalmar shahada a kunne, har wanda muke jira bai zo ba. Wannan nake riƙewa, cewa ba ta tafi tana fafutukar iska ba. Wata rana ya ishe ni, wata rana bai ishe ni ba.

Gwaggo ce ta yi mata wanka, ta ce ni zan riƙa zuba ruwa. Aka tashi aika a ɗebo a rijiya, na ce a'a. Na fita da bokiti na kwashe randar ƙofar gida tas, har da saiwar jemar, na kunto moɗar daga reshe. Aka sa ganyen magarya. Gwaggo ta wanke mata hannu, ta shafe bakin da hancin, ta zo kan fuska ta ce in zuba. Na cika moɗa na ɗaga, sai na ga kan Inna a kwance baya, haɓa a sama, leɓɓa a ɗan buɗe, daidai yadda na shekara ina hanawa. Hannuna ya ƙi karkata. Na ji bakina ya ce, a fili, kowa na ji, "Sunkuya, Inna."

Gwaggo ta ɗago ta dube ni, ta kama wuyan hannuna da jiƙaƙƙen hannunta.

Ta ce, "Zuba, 'yar nan. Zuba duka. Yanzu babu abin da zai ƙware ta."

Na zuba. Ruwan ya bi goshinta, ya bi idonta, ya kwanta a leɓɓanta ya gangara. Na sake cikawa na zuba, na sake, har moɗar ta fara kartar gindin bokiti.

An tafi kai ta, muna zaune a tsakar gida, sai na ji sallama daga ƙofa. Maza duk sun bi gawa, sai na yafa mayafi na leƙa. Wani makiyayi ne da ya fito daga daji, bai san abin da ake ciki ba, shanunsa sun yi gaba, shi yana tsaye da faifai a hannu yana leƙen cikin randa. Ya ce, "A gafarce ni. Na ga yau randar Inna ba ruwa, ko moɗar ma babu. Lafiya dai?"

Na ce masa, "Yau ita ta shanye."

Na koma ciki na ɗauko guga.